Hamsin da Ɗigo Biyu

Ranar Laraba na wuni a layin mai, kuma da na ce na wuni ba ƙarin gishiri na yi ba. Tun da sanyin safiya na kafa babur ɗina a bayan wata tsohuwar motar haya, na yi ta tura shi taku ɗaya-ɗaya har rana ta take tsaka ta fara karkata. Saura mutum biyu a zo kaina, sai mai zuba man ya rataye bakin famfo, ya karkaɗe hannuwa, ya ce, "Ya ƙare." Ko haƙuri bai ba mu ba. Ina jin shi ma ya ƙare.

Muna tsaye cirko-cirko, kowa na kallon famfon ko zai canza ra'ayi, sai direban motar hayar ya ƙure muryar rediyonsa. Ashe wani babba ne ke jawabi, Ranka-ya-daɗe Mai Riƙe da Ma'auni, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Daga jin muryar ka san bawan Allahn nan bai taɓa tura babur ba. Ya ce yana farin cikin sanar da al'umma cewa masana'antunmu sun farfaɗo. Wai akwai wani ma'auni da ake auna lafiyar kamfanoni da shi duk wata: in ya gaza hamsin, baya ake ci, in ya haura hamsin, an kama hanyar arziki. To watan jiya arba'in da tara da ɗigo tara ne. Wannan watan kuwa, jama'a ku gyara zama, hamsin da ɗigo biyu.

Maƙwabcina Tela na bayana da jarkar man janaretonsa, busasshiya ƙayau. Ya taɓo ni ya ce, "Malam, kai da kake rubutu a jarida, ɗigo biyun nan da ake ta faɗa, na mene ne? In na mai ne, a ɗiga mini su a nan, na gode."

Na ce, "Ba na mai ba ne, Tela. Na ci gaba ne."

Ya ce, "Au, shi ma yanzu ɗiga shi ake yi? Kamar maganin ido?"

Na ce haka dai na ji. Direban ya leƙo ta taga ya ce shi fa ya san ɗigo, don rufin ɗakinsa na yin sa duk damina, amma bai taɓa ganin an tara 'yan jarida a kai ba.

Kada mai karatu ya ɗauka raini nake yi. Ni mutum ne mai ganin girman manya, kuma na san ɗigon nan ba da sauƙi aka same shi ba. Da na turo babur ɗina na biyo hanya, na tsaya shagon mai aski in sha ruwa, sai ga taron da aka yi jawabin a talabijin. An kama babban ɗakin otal, an hura sanyi har wasu na haɗa hannu a ƙirji. A waje motoci ne baƙaƙe sun yi jerin gwano, kowace da direbanta a ciki yana barci inji na kunne, nan na gane inda man namu ya tafi, raina ya ɗan yi sanyi tunda dai ba ɓata ya yi ba. A gaba an kafa allo da wani jan layi da ya kwanta, ya kwanta, ya yi ta kwanciya, can a ƙarshe ya ɗan ɗaga kai kamar majinyacin da ya ji sallamar mai dubiya. Aka miƙe tsaye aka tafa masa. Aka raba wa mahalarta jaka da laima da kofin shayi mai hoton layin. Mai aski ya ce zai iya rantsuwa in ka juya gindin kofin nan, sunan wata ƙasa za ka gani, ba tamu ba. Na ce masa ya ji tsoron Allah ya daina zato. Ya ce to ka nuna mini kamfanin kofi ɗaya da ke hayaƙi a garin nan. Na shanye ruwana na yi gaba.

Da dariya kawai zan yi in manta, ba don Yayana ba.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha tara ya yi a kamfanin roba yana juya babban injin da ke fitar da bokiti. Mai Giris ake ce masa, don tun ina saurayi ban taɓa ganin farcensa fari ba. Wata bakwai ke nan da aka rufe kamfanin. Ba a ce musu an kore su ba, manya ba sa faɗin irin wannan maganar, aka ce su je su ɗan huta har wuta da kayan aiki su daidaita. Yana nan yana hutawa. Gyaran fanka da injin niƙan maƙwabta ne ke riƙe da gidan, ga yara huɗu, ga tukunya da ta koma hawa murhu sau ɗaya a rana. Ana cikin haka abokinsa na ƙuruciya, Dogo, wanda ke da gidan burodi a wani gari mai tafiyar rabin yini, ya kira shi. Yana neman wanda ya san inji, ya kula masa da na kwaɓin fulawa da janareto, har da ɗakin kwana. Ya ce masu nema sun yi masa yawa, amma zai riƙe wa Yaya gurbin zuwa ranar Alhamis. Da ƙyar da lallashi muka shawo kansa ya yarda. Matarsa har ta haɗa masa jaka.

Don haka na ce bari in biya in yi masa sallama. Na shiga tsakar gidan. Jakar na kan tabarma a zazzage. Yaya na tsugune yana goge kakin aikinsa na kamfani da dutsen guga na gawayi, yana fito. Matarsa na tsaye a ƙofar kicin, idanunta jajur.

"Ƙanena!" in ji shi. "Ka ji labari?"

Na ce, "Na ji, Yaya. Ɗigo biyu."

"Hamsin da ɗigo biyu," ya gyara mini. "Kada ka cinye hamsin ɗin. Ku 'yan jarida haka kuke."

Ya ajiye dutsen ya fara yi mini lissafi da yatsu. Mako uku da suka wuce an aiko daga kamfani an kira shi, shi kaɗai, aikin rabin yini. Aka ce masu zuba jari ne za su zo su ga inji. Ya share shi, ya ba shi giris, aka tayar da janareto, ya kunna. Mutum uku suka zo da littattafan rubutu, suka zagaya, suka leƙa, ya fitar musu da bokiti arba'in lafiyayyu, ba ko ɗaya mai tabo. Suka yi ta gyaɗa kai, babbansu har ya ba shi hannu.

"To ka haɗa wancan da na rediyon yau," ya ce. "Kai mai ilimi ne. Buɗewa za a yi. In tafi kwaɓa fulawa ana gobe za a kira ni? Na buga wa Dogo, na ce ya yi haƙuri, injina na jirana."

Na ce, "Ka riga ka buga?"

"Tun kafin Ranka-ya-daɗe ya gama jawabi."

Matarsa ta yafito ni gefe, ta rage murya. "Malam, don girman Allah ka yi wa yayanka magana. Rediyo ce za ta ciyar da mu? Ni nake auna abin da ke cikin buhun nan, ni na san iya kwanakinsa. Ma'aunina ba ya ƙarya."

Gaskiyarta. Amma ku da kuke da yayye kun san ba a tsayawa gaban babban wa a ce masa ya yi wauta, musamman yana riƙe da dutsen guga mai zafi. Sai na bi ta bayan gida. Na ce, Yaya, wannan abin alheri ai na jarida ne, gobe da safe mu je kamfanin tare in ji daga bakinsu, in rubuta. A raina ina cewa in ta ɓaci, Alhamis ba ta ƙare ba sai rana ta faɗi, ma sake kiran Dogo. Ya ce madalla, in zo da abin ɗaukar hoto.

Washegari muka kama hanya a ƙafa, tunda babur na gida yana hutu irin na Yaya. Ya sha kakinsa mai kari, ya goge takalmin aiki, yana tafe yana ɗaga wa mutane hannu. Rabona da layin masana'antun nan an yi shekaru. A da in ka shigo sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ga masu abinci jere a bakin kowace ƙofa. Yanzu ciyawa ta kai gwiwa, awaki na kiwo a inda motocin kaya ke juyawa. Kamfanin takalma ya zama sito, ana sauke takalman da aka shigo da su daga waje a cikinsa. Na yi ta baza ido ko zan hango ɗigo biyun a kan wani bututun hayaƙi, ban ga komai ba sai tattabaru.

Maigadi ya tarbi Yaya da murna, amma na lura bai yarda sun haɗa ido ba. Manaja ba ya nan, ya yi tafiya, kuma daga yadda aka faɗa ka san tafiyar ta daɗe. Akawu kaɗai muka samu a ofis, dattijo mai tabarau ɗaure da zare, yana fifita da fayil. Muka gaisa. Na ce masa ni ɗan jarida ne, na zo jin yadda aka yi masana'antu suka farfaɗo.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ai ka zo inda ya dace. Da hannuna a ciki."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takarda. Ashe duk wata masu ma'aunin nan na aiko wa kamfanoni fom. Manaja ne ya kamata ya cike, amma tunda ya yi tafiya, Akawu ke cikewa. Tambayoyi ne 'yan kaɗan, kowace da gida uku a gabanta: ya ƙaru, yana nan yadda yake, ya ragu. Ka zaɓi ɗaya ka ja alama, shi ke nan.

"Duba nan," ya ce. "Abin da kuka ƙera, in aka kwatanta da watan jiya. Watan jiya bokiti nawa muka yi? Babu. Wannan watan fa? Arba'in. Wane gida zan ja?"

Na ce, "Ya ƙaru."

"Ma'aikata. Watan jiya ba mu kira kowa ba. Wannan watan mun kira Mai Giris rabin yini."

"Ya ƙaru," in ji Yaya, bakinsa har kunne.

"Sayen kayan aiki. Mun sayo ƙwayar roba buhu ɗaya don bokitan nan. Ya ƙaru. To ka gaya mini, ɗan jarida, ina ƙaryata a nan? Ni da furfurata ba zan rubuta abin da ba a yi ba."

Na ce, "Baba, babu inda aka tambayi ko da nawa ya ƙaru?"

Ya juya takardar gaba da baya ya nuna mini. Babu. Wanda ya tashi daga babu zuwa arba'in da wanda ya tashi daga dubu zuwa dubu goma, gida ɗaya za su ja. Na ce to amma ai ku kaɗai ba za ku motsa ma'aunin ƙasa guda ba. Ya ce wa ya ce mini su kaɗai ne? Akawun kamfanin sabulu na can gefe, tare suke zama ƙarƙashin bishiya da rana, su ma sun tattara ragowar kayan da ke sito sun narka kafin ya lalace, ya ja ya ƙaru. Na kamfanin kwali ma haka. In aka tara irinsu da dama, ɗigo biyu ai ba abin wahala ba ne.

Yaya ya bugi ƙirji ya ce, "Ka ji ko? Ashe ni ne ɗigon! Ka rubuta, ka sa sunana." Sannan ya juya wajen Akawu. "To Baba, yaushe za mu dawo? Mutanen nan sun zuba jarin?"

Akawu ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga. Ya goge, ya hura, ya sake gogewa. Yana cikin haka muka ji ƙarar guduma daga babban ɗakin inji, da kukan sarƙa ana jan ta a ƙasa.

Yaya bai jira amsa ba. Ya fita da sauri, na bi shi.

Mutanen nan uku ne dai, yau babu littattafan rubutu. Sun zo da ma'aikatansu da motar ɗaga kaya, ga tirela ta juya baya a bakin babbar ƙofa. An riga an kwance notunan da suka kafe injin a ƙasa, an cire wayoyinsa an naɗe. Babban nasu ya hango Yaya ya taho da fara'a, hannu a miƙe.

"Ga gwanin nan! Wallahi malam, kai ka sa muka saya. Mun ce ba za mu taɓa shi ba sai mun ga yana aiki, don tsohon inji sai a hankali. Da muka ga yadda ka riƙe shi, ko ciniki ba mu ja ba."

Yaya ya karɓi hannun. Ban san yadda aka yi ya karɓa ba, amma ya karɓa. Ya tsaya yana kallon injin, ni kuma ina kallonsa. Shekara goma sha tara, kuma da hannunsa ya yi masa kwalliyar tafiya bai sani ba. Wallahi na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma ji haushin da ban san wanda zan sauke wa ba, tunda duk wanda ka kama a ciki gaskiya ya faɗa.

Can sai na ji ya daka tsawa. "Kai! Kai! Wa ya ce a sa sarƙa a nan? So kuke ku karya masa wuya?"

Ma'aikatan suka yi turus. Ya ture su, ya kwanta rigingine a ƙasa da kakin da ya sha guga jiya, ya shige ƙarƙashin injin. Ya nuna musu kunnuwan ƙarfe biyu da aka yi don ɗagawa. Ya sa aka kawo katako aka tokare gefen da ya fi nauyi. Ana ɗagawa yana biye yana faɗa, a hankali, hagu, tsaya, sauke. Da injin ya zauna a kan tirela ya ja babban nasu gefe, ya shiga yi masa bayani: kada a kunna shi da sanyi sai an bar shi ya ɗumama, akwai bawul ɗaya da ke zafi in an wuce awa shida, kuma kada su yarda a zuba masa bakin mai na jabu, ba ya so. Mutumin na ta na'am, na'am, idonsa na kan agogo. Yaya ya tambaya ko suna neman mai juya shi. Aka ce ai injin ƙetare iyaka zai yi, can suna da mutanensu.

Muna tsaye tirelar ta fita. Sai ga Akawu ya biyo mu da fom ɗin wata mai zuwa da biro a hannu. Ya ce, "Ɗan jarida, taimaka mini da iliminka. Nan an ce kayan da kuka fitar daga kamfani. Injin nan dai kaya ne, kuma ga shi ya fita. Wane gida zan ja?"

Na ce, "Baba, ja wanda ka saba."

A bakin ƙofa na ciro wayata na miƙa wa Yaya. Ya goge giris ɗin hannunsa a wando, ya buga wa Dogo. Na matso ina ji.

"Dogo, ni ne. Maganar jiya, a bar ta. Gobe da asuba ina hanya."

Dogo ya ce, "Haba Mai Giris. Haba. Kai fa ka ce in yi haƙuri. Kana ajiye waya na ba wani, yau da safe ya hau mota, yanzu haka ya kusa isowa. Ba zan iya ce wa magidanci ya juya daga hanya ba. Ai ka ma san shi, abokin aikinka ne. Me-ka-ce."

Me-ka-ce shi ke juya injin da ke kusa da na Yaya a da. Ƙarar kamfani ta cinye masa kunnuwa, duk maganar da ka yi masa sai ya kanga hannu ya ce me ka ce, har ya zama sunansa. Yaya ya sauke wayar ya dube ni.

"Shi bai ji rediyon ba ke nan?"

Na ce, "Ina zai ji, Yaya?"

Ya yi wata dariya da na gwammace a ce kuka ya yi. Muka juyo gida. Da muka iso bakin layinsu ya tsaya, ya dubi kakinsa da ya yi baƙi ƙirin, ya ce, "Ƙanena, shiga gaba ka gaya mata. Zan ɗan zagaya." Na shiga na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ta ɗauki jakar daga kan tabarma ta mayar ɗaki, ta fito ta tambaye ni ko na san wanda fankarsa ta lalace.

Don haka ba ni da ƙorafi a kan Ranka-ya-daɗe Mai Riƙe da Ma'auni. Lissafinsa daidai ne, na je na gani da idona, har na gaisa da ɗigon. Roƙo ɗaya kawai nake da shi. Wata mai zuwa, in abin ya sake ɗigowa, ya taimaka ya faɗe shi ƙasa-ƙasa. Har yanzu da sauran masu kunne a cikinmu, kuma suna da iyali.